Murar tsuntsaye ta ɓulla kusa da gonata: me zai hana in sayar da kajina tun suna da lafiya?

Tambaya: Ina kiwon kajin ƙwai wajen ɗari uku, da 'yan agwagi da talotalo a gefe. An tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona da ba ta fi kilomita biyu daga tawa ba. Jami'ai sun ce kada kowa ya fitar da tsuntsu ko ƙwai sai da izini, kuma duk wanda aka samu cutar a wurinsa za a hallaka tsuntsayensa gaba ɗaya, har da masu lafiya. Nawa garau suke. Me zai hana in sayar da su kafin abin ya iso? Kuma shin cutar nan ba ta da magani ko rigakafi ne?

Amsa: Malam, Allah ya tsare maka dukiyarka. Na san halin da kake ciki, domin a aikina na likitan dabbobi na sha tsayawa a bakin ɗakin kaji tare da mai su yana yi mini irin wannan tambaya. Amsata ita ce kada ka sayar, kada ka kyautar, kada ka kai ko tsuntsu ɗaya ajiya wurin wani. Dalilin yana cikin kalmar da ka yi amfani da ita, wato "garau".

Ido ba ya iya tabbatar da lafiyar kaza a lokacin murar tsuntsaye. Kaza na iya ɗaukar ƙwayar cutar yau, ta ci abincinta, ta yi ƙwai, alhali ta riga ta fara zubar da ƙwayar a kashinta da majinarta. A tsuntsu ɗaya alamu kan fito cikin sa'o'i zuwa 'yan kwanaki, amma a garke guda abin kan ja lokaci kafin mai shi ya farga, domin cutar takan fara da tsuntsu ɗaya ko biyu ne sannan ta yi ta ninkuwa. Shi ya sa Hukumar Kula da Lafiyar Dabbobi ta Duniya, mai hedikwata a Paris, take lissafa kwana 14 a matsayin tsawon lokacin da cutar za ta iya ɓuya a garke. Ka ga ke nan lafiyar da kake gani yau labarin makon jiya take ba ka. Ga kuma agwaginka, waɗanda su ne suka fi damuna a duk bayaninka. Agwagwa na iya kasancewa ɗauke da nau'in da ke kashe kaza cikin kwana biyu, ita kuwa tana ta wankanta ba ko alamar kasala. Idan ka loda tsuntsayen nan ka kai kasuwa, za su haɗu da na mutane da yawa a keji ɗaya, kuma kafin faɗuwar rana an watsu da su zuwa gidajen da babu wanda zai iya bin sawunsu.

Bari in ɗan yi maka bayanin ita kanta cutar, don in ka san halinta dokar za ta daina yi maka kama da zalunci. Ƙwayar bairos ce daga dangin mura, kuma gidanta na asali shi ne jikin tsuntsayen ruwa na daji, irin su agwagin daji da dinya da tsuntsayen bakin teku. Nau'o'inta suna da yawa, ana bambance su da haruffan H da N. A tsuntsaye an san aƙalla H guda 16 da N guda 9. Mafi yawansu masu sauƙi ne, ba su wuce 'yar atishawa da raguwar ƙwai. Biyu ne ake tsoro, H5 da H7, saboda idan suka shiga wurin da kaji suke cunkushe suna ta wucewa daga wannan zuwa waccan, suna iya rikiɗa. Mai sauƙin yana tsayawa ne a hanyar numfashi da hanji. Wanda ya rikiɗa kuwa yana bin jini ya shiga zuciya da hanta da ƙwaƙwalwa da ko'ina, har ya iya kashe kusan dukan kajin ɗaki cikin kwana biyu ko uku. Talotalo ma ya fi kaza saurin kamuwa.

Cutar ba sabuwa ba ce, tun 1878 aka bayyana ta a Italiya. Sai dai zuriyar H5N1 da ta addabi duniya yanzu an fara gano ta ne a 1996 a jikin dinyar gida a lardin Guangdong na ƙasar Sin. A 1997 ta kama mutum 18 a Hong Kong, shida suka rasu, hukuma ta hallaka dukan kajin yankin, fiye da miliyan ɗaya, cikin 'yan kwanaki. A 2005 ta kashe dubban tsuntsayen daji a tafkin Qinghai na ƙasar Sin, daga nan ta yi yamma. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ita a Najeriya, karo na farko a Afirka, Masar ta biyo baya a watan. Daga 2020 zuwa yau kuma abin ya sauya salo: ta zauna daram a jikin tsuntsayen daji, ta tsallaka zuwa Arewacin Amurka a ƙarshen 2021, ta gangara Kudancin Amurka a 2022, ta kai har yankin ƙanƙara na Antatika, a watan Maris na 2024 kuma aka same ta a jikin shanun madara a Amurka. Babu wata ƙasa da za ta ce nisa ya kare ta.

Amma akwai wani abu da nake so ka riƙe da kyau. Tsuntsun daji shi ke kawo cutar yanki, sai dai daga gona zuwa gona galibi mu mutane ne muke yi mata dako. Tana tafiya a tafin takalmi, a tayar mota, a kiret ɗin ƙwai da ya zaga gonaki biyar, a kejin dillali, a buhun abinci da aka sake amfani da shi, a takin kaji da aka kwasa aka kai wani wuri. Kashin tsuntsu mai cutar cike yake maƙil da ƙwayar, kuma a wuri mai sanyi da danshi tana iya yin makonni da ranta. Zafi da bushewa ne ke gajarta mata kwana. Abin da ya faru a Holan a 2003 darasi ne babba. Nau'in H7N7 ya shiga gonaki 255, aka hallaka tsuntsaye wajen miliyan 30, mutum 89 suka kamu, wani likitan dabbobi ya rasu. Ƙasa ce mai tsari da kayan aiki, amma gonakin sun yi kusa da juna, kuma kafin a farga cutar ta riga ta yi gaba.

Daga irin wannan ne aka fitar da dokar da'ira. A Tarayyar Turai da Birtaniya, da zarar an tabbatar da cutar a wata gona, sai a zana da'irar kilomita 3 a kewayenta, da wata ta kilomita 10. A ta ciki dokar ta fi tsauri: ana ƙidaya tsuntsayen kowa, jami'ai suna zagayawa duba su, ana tsare su a ɗaki, kuma tsuntsu ko ƙwai ko taki ba ya fita sai da takardar izini. Ta ciki ba a ɗage ta sai an yi aƙalla kwana 21 bayan an yi wa gonar da ta kamu tsaftar farko, ta waje kuma kwana 30. Kowace ƙasa da nata ƙa'idojin, saboda haka abin da jami'an yankinku suka faɗa shi ne ya hau kanka, amma a irin wancan ma'auni kai da ke kilomita biyu kana tsakiyar da'irar farko. Ka lura kuma cewa ba a ce an hana kwata-kwata ba, an ce sai da izini. Je ka nemi izinin fitar da ƙwanka. A wurare da yawa ana bayarwa bayan an duba garken, bisa sharaɗin kiret sabo ko wanda aka wanke, da kuma sanin inda ƙwan zai je. Mutane da yawa suna tafka asarar ƙwai don kawai ba su tambaya ba.

Batun hallaka har da masu lafiya kuwa, ba zan ɓoye maka ba, shi ne mafi ɗaci a aikinmu. Babu likitan da ya karanci wannan fanni don ya riƙa kashe dabbobi. Amma ka duba abin da ke gaban mai yanke hukunci. Ɗakin da aka tabbatar da cutar a cikinsa, kajin da ke tsaye sun sha ruwa ɗaya da matattun, sun taka kashi ɗaya, sun shaƙi iska ɗaya. Mafi yawansu mutuwa za su yi cikin 'yan kwanaki, mutuwa mai wahala kuwa, kuma kowace sa'a da suka ƙara suna ƙara tara ƙwayar cuta ne a wurin, wadda ɓera ko ƙuda ko takalmin ma'aikaci zai fitar. Ba kuma zai yiwu a gwada kaza ɗaya-ɗaya a ware masu lafiya ba, don wadda gwaji ya wanke da safe tana iya zama mai cutar da yamma. Garken ake yi wa hukunci, ba kazar ba.

Inda nake ganin hukumomi suna da nauyi a wuyansu shi ne diyya. Dokar kai rahoto ba ta aiki sai mai kiwo ya tabbata cewa faɗin gaskiya ba zai jefa shi cikin talauci ba. Duk inda diyya ta yi kaɗan ko ta yi jinkiri, mutane ɓoyewa suke yi su sayar da dare, kuma ban ga laifin tsoronsu ba ko da yake ina ganin illar aikinsu. Sai dai akwai abin da masu kiwo da yawa ba su sani ba: a ƙasashe irin su Birtaniya da Amurka, tsuntsun da cutar ta riga ta kashe ba a biyan kuɗinsa, waɗanda hukuma ta tarar da rai ta hallaka su ne ake lissafawa. Wanda ya kira ranar farko yana da garke kusan cikakke da za a ƙidaya masa. Wanda ya tsaya gwada magunguna har kwana huɗu, gawawwaki za a tarar. Ka tambayi yadda tsarin yake a wurinku tun yanzu, ka kuma ajiye rasit ɗin sayen kajinka da littafin da ke nuna yawansu da shekarunsu.

To, me za ka yi daga yau? Fara da raba agwagi da talotalo daga kaji, rabuwa ta gaske, kowa da mazubin ruwansa da na abincinsa da kayan shararsa. In da hali, mutum daban ya riƙa kula da agwagin. In babu, a gama da kaji tukuna sannan a je wurinsu, kada a komo. Ka hana agwagin zuwa kududdufi ko rafi, ka shigar da kowa ƙarƙashin rufi, ka toshe duk ɓular da ƙaramin tsuntsu zai iya bi da raga. Rufin yana da muhimmanci kamar bango, domin kashin da ke faɗowa daga sama ba ya buƙatar ƙofa. Abinci ya zauna a rufe, wanda ya zube a share nan take don kada ya kira tsuntsayen waje da ɓeraye. Ruwan sha kuma kada ya zama na buɗaɗɗen wuri da tsuntsayen daji ke sauka, sai in an sa masa sinadarin kulorin.

Zan daɗe kaɗan a kan takalmi, saboda nan ne nake ganin kuskure kusan kullum. Mutum zai ajiye baho da ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta a bakin ƙofa, ya bar shi mako guda har ya koma kamar kunun laka, yana tsoma ƙafa yana wucewa da zaton ya yi kariya. Wannan bahon ya daina aiki tun tuni, domin datti yana cinye ƙarfin maganin. Ƙwayar murar tsuntsaye ba ta da wuyar kashewa, tana da wani lulluɓi na kitse wanda sabulu ma ke fasawa, amma sai maganin ya taɓa ta, kuma ba zai taɓa ta ba in tana ƙunshe cikin busasshen kashi a tsagar takalmi. A kankare da buroshi, a wanke, sannan a tsoma, a haɗa maganin daidai da yadda aka rubuta a jikin robar, a canza shi da zarar ya yi datti. Abin da ya fi wannan duka sauƙi da inganci shi ne takalmin roba da riga waɗanda ba sa barin ɗakin kajin ko da wasa. Ka cire na waje a bakin ƙofa, ka sa na ciki.

Baƙi kuma su dakata. Mai sayen ƙwai, mai kawo abinci, dillali, duk su tsaya a wajen shinge, motarsu ma haka. Ka rubuta sunan duk wanda ya zama dole ya shiga da ranar da ya shiga, don in wani abu ya faru wannan takardar ce za ta nuna inda za a bi. Ka tambayi ma'aikatanka ko suna da kaji a gida, ko suna taya wata gona aiki. Ta nan cutar ta sha shiga gonakin da ke da katanga mai kyau. Sabon tsuntsu kada ya shigo, komai arahar da aka yi maka, musamman ma in an yi arahar. Shi kuma maƙwabcin da abin ya faɗa wa, yi masa jaje ta waya. Yana bukatar jin muryarka, amma ƙafarka kada ta taka gonarsa.

Ka riƙa auna ruwan da kajin suke sha da abincin da suke ci a kullum, ka rubuta, tare da yawan ƙwai. Sau da yawa raguwar shan ruwa da wani irin shiru a ɗaki su ke riga mutuwa zuwa. Daga nan sai ka ga ƙwai ya faɗi ko yana fita da laushin ɓawo, kai ya kumbura, jan naman da ke saman kan kaza da fatar da ke lilo ƙarƙashin baki sun yi shuɗi-shuɗi, ƙwauri ya yi ja kamar jini ya kwanta, ga zawo, ga numfashi da baki buɗe, wasu wuyansu ya murɗe. Wani lokaci kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai ka buɗe ƙofa da safe ka tarar da matattu. Alamun nan suna kama da na Niyukasul, wata cutar kaji ta daban, sosai, har ƙwararren likita ba zai iya rantsuwa da ido ba, sai ɗakin gwaji. Don haka in ka ga mutuwar da ta wuce yadda ka saba, rufe ƙofa, kada komai ya fita, ka kira jami'in lafiyar dabbobi a ranar. Kada ka feɗe gawar don ka duba cikinta. Kada ka jefar da ita a bola ko a ruwa, kada ka bar wa kare ko kyanwa; kyanwoyi suna kamuwa da wannan cuta kuma suna mutuwa.

Magani kam babu. Antibayotik ba ya taɓa bairos, zuba shi a ruwa asarar kuɗi ce da ta lokaci, lokacin kuwa shi ne ya fi tsada. Maganin murar mutane ma bai kamata a ba kaji ba, domin hakan na iya koya wa ƙwayar jure masa, ranar da ɗan Adam zai bukace shi ya tarar ba ya aiki.

Rigakafi akwai, amma ba abin da mutum zai sayo da kansa ya yi ba ne. Sin da Masar da Biyetnam da Indunusiya sun daɗe suna yi, Faransa ma ta fara yi wa agwagin gonaki a watan Oktoban 2023. Ya kuma nuna amfaninsa: nau'in H7N9 da ya ɓulla a Sin a 2013 ya kama mutum fiye da 1,500, amma bayan an fara yi wa kaji rigakafinsa a 2017 sai kamuwar mutane ta kusa ƙarewa. Matsalarsa ita ce kazar da aka yi wa allura tana iya kamuwa ba ta mutu ba, ta ci gaba da yaɗa cutar a ɓoye, musamman in allurar ba ta dace da nau'in da ke yawo ba. Dole sai an haɗa shi da gwaji a kai a kai, kuma wasu ƙasashe sukan ƙi sayen kaji daga inda ake yin sa. Wannan ya sa ƙasashe da dama suka hana shi sai da izinin hukuma. Ni ina cikin masu ganin cewa, yadda cutar ta zauna a tsuntsayen daji yanzu, hallakawa kaɗai ba za ta wadatar ba har abada. Amma allurar da aka shigo da ita ta bayan fage, ba a san nau'inta ba, ba a san ko ta sha rana a hanya ba, ta fi rashin allura haɗari. Rigakafin Niyukasul da ka saba yi kuma ka ci gaba da shi, sai dai ba ya kare kaza daga murar tsuntsaye ko kaɗan.

Saura kai da iyalinka. Cutar ba ta kama mutum da sauƙi, kuma har yanzu ba ta iya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum a jere ba. Amma idan ta kama tana iya yin tsanani: daga 2003 zuwa yanzu an kai wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoton mutum fiye da 900 da suka kamu da H5N1, kusan rabinsu sun rasu. Yawancinsu sun taɓa marasa lafiyar tsuntsaye ne ko matattu. Dafuwa sosai, har tsakiyar naman ya kai digiri 70, tana kashe ƙwayar, sai dai haɗarin yana wurin yanka da figa da cire kayan ciki, tun kafin a kai ga tukunya. Saboda haka kazar da ta nuna alama ba ta yankawa ba ce. In dole ka ɗauki gawa, sa safar hannu da takunkumi da abin kare ido, ka wanke hannu da sabulu, yara kuma su yi nesa. Wanda ya yi hulɗa da tsuntsayen da suka kamu ya kula da jikinsa har kwana 10. In ya ji zazzaɓi, tari, ko idonsa ya yi ja, ya je asibiti ya faɗi da bakinsa cewa ya taɓa kaji masu murar tsuntsaye, don akwai maganin da ke aiki in an fara shi da wuri.

In kuma, Allah ya kiyaye, abin ya iso gonarka duk da ƙoƙarinka, kada ka yi gaggawar zuba sababbin kaji. Jami'ai za su nuna yadda za a binne ko a ƙone gawawwakin, da shimfiɗar ɗakin, da ragowar abinci da ƙwai. Takin ma ba ya fita sai an bi ƙa'ida. Bayan nan a kankare ɗakin, a wanke, a fesa magani, a bar shi ya bushe, a sake. Katako da kwali da duk abin da ba ya wankuwa a ƙone shi. Sai ɗakin ya zauna babu kowa na tsawon kwanakin da hukuma ta yanka, wanda a wurare da yawa ba ya gaza mako uku, kuma kajin farko da za ka zuba a sa musu ido sosai a makonnin farko. Lambar wayar jami'in lafiyar dabbobi na yankinku kuwa, nemo ta yau ka ajiye, ka kuma ba duk wanda ke buɗe ɗakin kajin da safe in ba ka nan.